Mafaɗar Ruwa ta Marmore: Tarihin Gardamar Mutanen Tudu da Mutanen Kwari

1.0 Gabatarwa

A tsakiyar ƙasar Italiya, cikin yankin Umbriya, kimanin kilomita 100 arewa da birnin Rum, akwai wani ɗan ƙauye da ake kira Marmore. Ƙauyen yana zaune ne a bakin wani dogon dutse, daidai inda kogin Velino yake kawo kai ya faɗo ƙasa, ya haɗu da kogin Nera a cikin kwari. Tsawon wannan faɗowa mita 165 ne, cikin hawa uku, hawan farko kaɗai yana da mita 83. Kowace shekara dubban mutane sukan yi tattaki zuwa wurin domin kashe kwarkwatar ido. Duk wanda ya tsaya a gindin dutsen, ya ji rugugin ruwan, ya ga feshinsa yana tashi kamar hayaƙi, zai ɗauka haka Allah ya halicci wurin tun fil'azal. Alhali kuwa hannun mutum ne ya tsaga dutsen ya ba ruwan hanya, yau fiye da shekara 2,290 ke nan, abin da ya sa ake lasafta ta cikin mafaɗan ruwa mafiya tsawo da ɗan Adam ya yi.

Manufar wannan maƙala ita ce a bi tarihin mafaɗar daki-daki, a nuna cewa siffar da maziyarci yake gani a yau sakamako ce ta wata doguwar gardama tsakanin mutanen da ke zaune a tudu, watau mutanen Rieti, da waɗanda ke zaune a kwari, watau mutanen Terni da maƙwabtansu. Kowane gyara da aka yi wa wurin ya raba wasu da wahala, ya ɗora ta a kan wasu. Za mu fara da yanayin ƙasar, domin sai an fahimci halin ruwan sa'an nan za a gane halin mutanen. Inda aka rubuta K.M. bayan shekara, ana nufin kafin Miladiyya.

2.0 Ruwan da ke Haifar Dutse

Kogin Velino yana tasowa ne daga tsaunukan Apennine, ya yi tafiyar kimanin kilomita 90 kafin ya iso Marmore. A kan hanyarsa yakan ratsa wani faffaɗan fili da duwatsu suka yi wa zobe, wanda garin Rieti yake gefensa. Filin kamar akushi yake, mafitarsa ɗaya ce tak, ita ce bakin dutsen Marmore. Shi kuwa kogin Nera yana can ƙasa cikin kwari, yana bi ta garin Terni, kimanin kilomita 7 daga mafaɗar, har ya je ya shiga kogin Tiber, wanda ya ratsa birnin Rum. Ashe ke nan duk ɗigon ruwan da ya bar gonakin Rieti, sai ya bi ta ƙofar Terni, sa'an nan ya bi ta ƙofar Rum.

Tsaunukan da Velino ke fitowa daga cikinsu na dutsen alli ne. Ruwan sama idan ya nutse cikin irin wannan dutse yakan narkar da wani abu daga jikinsa ya tafi da shi. Sa'ad da ruwan ya fito sarari, ya fantsama, ya gauraya da iska, sai allin ya rabu da shi ya manne a kan duk abin da ya tarar, ko ciyawa ce, ko gansakuka, ko ganyen da ya faɗo. Mai karatu ya san farin ɓawon nan da ke taruwa a cikin tukunyar da aka daɗe ana tafasa ruwan rijiya a ciki. To, abin da ke faruwa ke nan a Marmore, sai dai a can tukunyar kogi ce, lokacin kuma dubban shekaru ne. Ɓawon yana ta hawa kan ɓawo har ya zama dutse mai ƙofofi kamar soso. Masanin nan na Rumawa, Pliny Babba, wanda ya rasu a shekara ta 79 Miladiyya, ya lura da wannan, har ya rubuta cewa dutse yana girma a mafitar fadamar Rieti.

Daga wannan dutse sunan ƙauyen ya samo asali, domin mutane sun ga yana kama da farin dutsen ado da ake kira marmor a harshen Latin, wanda Larabawa ke kira marmar. Kunnen Bahaushe ba zai ji sunan baƙo ba, tun da shi ma yana da kalmar marmara da yake kiran wani irin dutse da ita.

Abin da ya biyo baya a fili yake. Da yake ruwan ya fi zubar da allinsa a bakin dutse, inda yake fantsama, sai ya zama kogin da kansa yana gina wa kansa katanga a ƙofar fitarsa. Katanga tana tashi, ruwa yana komawa baya, har filin Rieti ya zama tafki da fadamu masu taɓo. Ɗan abin da ke fita kuwa yana tsiyaya ne ta nan da can a kan gaɓar dutse. Wannan hali na ruwan shi ne mabuɗin dukkan tarihin da za mu bayar: duk hanyar da aka haƙa masa, shi ne zai toshe ta da kansa in an yi sakaci.

3.0 Aikin Curius Dentatus

Mazauna wannan ƙasa a da su ne Sabinawa. A shekara ta 290 K.M. Rumawa suka ci ƙasarsu da yaƙi, a ƙarƙashin jagorancin Manius Curius Dentatus, wanda a shekarar yake ɗaya daga cikin shugabanni biyu da Rumawa kan zaɓa kowace shekara. Shi ne kuma ya kara da sarki Pyrrhus a yaƙin Beneventum a 275 K.M., yaƙin da ya sa sarkin ya fice daga Italiya. Marubutan Rum sun mayar da shi abin buga misali wajen gudun duniya. Sun ce jakadun abokan gaba sun taɓa kawo masa zinariya, suka tarar da shi a bakin murhu yana dafa abincin talaka, ya mayar musu da kayansu. A 272 K.M. aka ba shi muƙamin mai ƙidayar jama'a, wanda ayyukan raya ƙasa ke ƙarƙashinsa, a lokacin ne kuma ya fara gina hanyar kawo ruwan sha zuwa Rum daga kogin Anio. Shekarar da aka saba bayarwa ta tsaga dutsen Marmore ita ce 271 K.M., shekara ɗaya kafin rasuwarsa.

Aikin da aka yi shi ne haƙa magudana a cikin katangar allin, daga bakin tafki zuwa gaɓar dutse, ta yadda ruwan da ke kwance zai taru wuri ɗaya ya faɗa kwarin Nera. Ana kiran magudanar da sunansa, watau Cava Curiana. Babu wanda ya yi wannan aiki domin sha'awar kallo. Rum ta ci ƙasa, tana raba wa 'yan ƙasarta gonaki a cikinta, ƙasar da ke ƙarƙashin ruwa kuwa ba ta rabuwa. Mafaɗar ta samu ne kawai domin dole ruwan da aka kora ya sami inda zai faɗa.

Ana kuma ambaton cuta cikin dalilan aikin. Mutanen da sun lura cewa zama kusa da fadama yana kawo zazzaɓi, suka ɗora laifin a kan warin da ke tashi daga ruɓaɓɓen ruwa. Daga wannan zato ne kalmar maleriya ta fito daga baya a harshen Italiyanci, ma'anarta mugunyar iska. Sai a shekarun 1897 da 1898 binciken Ronald Ross da na Giovanni Battista Grassi suka tabbatar cewa sauro ne ke ɗaukar cutar. Zaton mutanen da bai yi daidai ba, amma maganinsu ya yi aiki, tun da kore kwantaccen ruwa kore sauro ne.

Filin da ya fito daga ƙarƙashin ruwa ya yi albarka ƙwarai. Varro, ɗan garin Rieti da aka haifa a 116 K.M., ya ruwaito a littafinsa na aikin gona cewa wani mai magana a gaban hukuma ya taɓa kiran makiyayar Rosea da ke filin da sunan hantsar Italiya, wai in ka bar sanda a ƙasa yau, gobe ciyawa ta rufe ta. Jakunan Rieti da alfadaranta sun yi suna a duk ƙasar, har Varro ya ambaci jaki guda da aka sayar a kan kuɗin Rumawa sestas 60,000. Tafkin kuwa ya janye, ya bar 'yan ƙananan tafkuna da har yanzu suna nan, irin su Piediluco da Ventina da Lungo da Ripasottile.

4.0 Ƙara ta Farko da ta Biyu

Hausawa sun ce faɗuwar wani tashin wani. A da, tafkin Rieti shi ke riƙe ruwan damina da na narkewar ƙanƙara, yana sakinsa sannu a hankali. Da aka buɗe masa ƙofa sai ya riƙa zubowa gaba ɗaya cikin Nera, Nera kuma ta cika ta batse a kan gonakin garin da a lokacin ake kira Interamna, watau Terni ta yau. Sunan ma kansa yana nufin tsakanin koguna, abin da ke nuna irin haɗarin da mazaunin garin yake ciki.

A shekara ta 54 K.M. magana ta kai gaban hukuma. Rum ta aiko da ɗaya daga shugabanninta biyu tare da wakilai goma domin su saurari ɓangarorin. Mutanen Rieti suka ɗauko babban lauyan zamanin, Sisero, ya tsaya musu. Mun san haka ne daga wata wasiƙa da ya rubuta wa amininsa Atticus a wannan shekara, inda ya ambaci shari'ar, ya kuma faɗa a fili cewa Curius ne ya yanke dutse ya saki tafkin zuwa Nera. Wannan wasiƙa ita ce babbar shaidar da ke ɗaure sunan Curius da aikin. Ba a toshe magudanar ba, ruwa ya ci gaba da zuba.

Bayan kimanin shekara 70, a shekara ta 15 Miladiyya, zamanin sarki Tiberius, kogin Tiber ya yi ambaliya ya ci ƙananan unguwannin Rum. Yanzu kuma babban birni ne ya zama na kwari. Aka naɗa dattawa biyu, Ateius Capito da Lucius Arruntius, su nemo magani, aka kawo shawara gaban Majalisar Dattawa cewa a karkatar da koguna da tafkunan da ke ciyar da Tiber. Marubucin tarihi Tasitus ya ba da labarin zaman. Mutanen Florence suka roƙi kada a juya kogin Clanis zuwa cikin Arno, domin zai halaka su. Mutanen Terni suka ce in aka rarraba Nera zuwa ƙananan rafuka, gonakin da suka fi kowaɗanne albarka a Italiya za su nutse. Mutanen Rieti kuma suka ce in aka toshe mafitar Velino, ruwa zai fashe a kan ƙasarsu. Abokan gardamar jiya sai ga su a sahu ɗaya, domin barazana ta zo musu daga wanda ya fi su ƙarfi.

Akwai wani abin lura a cikin hujjojin da aka kawo ran nan. An ce halitta ita ta fi sanin abin da ya dace da ɗan Adam, ita ta ba kowane kogi mafari da hanya da mafita, don haka bai kamata a taɓa ba. Amma mafitar Velino da ake karewa da wannan hujja, mutum ne ya haƙa ta kusan shekara 300 kafin ranar. Watau cikin ƙarni uku aikin hannu ya tsufa har ya shiga rigar halitta. Daga ƙarshe majalisa ta bi ra'ayin wani dattijo mai suna Piso, cewa a bar kaza cikin gashinta. Tasitus ya kawo abubuwa uku da mai yiwuwa su suka rinjayi majalisar: roƙon garuruwan, da wuyar aikin, da camfin taɓa koguna.

5.0 Komawar Fadama da Ayyukan Paparoma

Magudanar Curius tana buƙatar yasa a kai a kai, yasa kuwa sai da hukuma mai ƙarfi da dukiya. Da daular Rum ta yamma ta rushe a ƙarni na 5, babu mai kula da ita. Alli ya ci gaba da aikinsa, hanya ta ƙuntata, ruwa ya koma ya kwanta a filin Rieti, zazzaɓi ya dawo tare da shi. Ga mutanen Terni kuwa wannan toshewa kariya ce. Saboda haka duk lokacin da mutanen tudu suka ɗauki diga za su buɗe hanya, sai mutanen kwari su tare su, har a farkon ƙarni na 15 abin ya kai ga zare makamai.

Wanda ya raba faɗan shi ne Braccio da Montone, wani jagoran sojan haya da ya mallaki Perugia da kewayenta a lokacin. A 1422 aka haƙa sabuwar magudana da ake kira Cava Reatina, bisa tsarin wani gwani daga Bologna mai suna Fioravante Fioravanti. Ta yi aiki na ɗan lokaci, daga bisani ita ma ta kasa.

A 1545 Paparoma Bulus na Uku, wanda garuruwan biyu ke ƙarƙashin mulkinsa, ya ɗora aikin a kan Antonio da Sangallo Ƙarami, babban maginin cocin Saint Peter da ke Rum. Aka haƙa magudana ta uku, Cava Paolina. Sangallo ya rasu a Terni a 1546 yana kan wannan aiki. Ba a yi shekara 50 ba ita ma ta nuna gazawa.

A 1596 Paparoma Clement na Takwas ya sa Giovanni Fontana ya sake duba al'amarin. Fontana ya koma kan tsohuwar hanyar Curius, ya zurfafa ta ƙwarai, ya kuma gina wata gada a kanta wadda bakinta ke iyakance yawan ruwan da zai iya wucewa lokaci ɗaya. An gama aikin a 1601, ana kiransa Cava Clementina. Wannan gada ita ce sulhun da aka gina da dutse: zurfin magudana domin Rieti, ƙuncin bakin gada domin Terni.

To amma sai ga masu kuka na uku, waɗanda ba su cikin shari'ar tun farko. Yanzu Velino yana faɗowa da ƙarfin gaske, yana sukar Nera a kaikaice kamar an gitta mata katanga. Ruwan Nera da ya kasa wucewa sai ya riƙa komawa baya, yana cin gonakin ƙauyukan da ke sama da mahaɗar, irin su Collestatte da Casteldilago da Arrone. Haka suka yi ta fama kusan shekara 190. Sai a 1787 Paparoma Pius na Shida ya sa magini Andrea Vici ya gyara gindin mafaɗar. Vici ya yanka dutsen ƙasa a karkace, ya raba ƙarfin ruwan, ta yadda zai shiga Nera yana bin inda ta fuskanta. Wannan yanka shi ya ba mafaɗar siffar hawa-hawa da take da ita a yau.

6.0 Idon Baƙo

A daidai wannan zamani wata al'ada ta yi ƙarfi a Turai, ta 'ya'yan masu hali daga Ingila da Faransa da Jamus su yi doguwar tafiya zuwa Italiya domin cika iliminsu. Terni tana kan hanyar Rum, saboda haka mafaɗar ta zama zango. Tun a 1781 aka gina wata 'yar hasumiya a bakin dutse, ana kiranta Specola, domin masu kallo. Mawaƙin Ingila Lord Byron ya ziyarci wurin a 1817, ya siffanta shi a kashi na huɗu na doguwar waƙarsa Childe Harold's Pilgrimage, wanda aka buga a 1818, abin da ya ƙara jawo baƙi. Mai zanen nan na Faransa, Corot, ya yi zane-zane a yankin a 1826.

Abin da waɗannan baƙi suke nema shi ne halitta tsagwaronta, mai ban tsoro da ban sha'awa, wadda ba ta san linzami ba. Amma siffar da Byron ya tsaya yana kallo shekararta 30 kacal da fitowa daga hannun Vici, ruwan kuma ta ƙarƙashin gadar Fontana ya biyo. Su ma mutanen yankin suna da tatsuniyarsu a kan asalin wurin: wai wani makiyayi ne mai suna Velino ya kamu da son wata aljanar ruwa mai suna Nera, aka mayar da ita kogi domin a hukunta ta, shi kuma ya faɗo daga dutse domin ya same ta, aka mayar da shi ruwa don su haɗu har abada. A tatsuniya soyayya ce ta haɗa kogunan biyu. A takardun hukuma kuwa, da ƙyar aka sasanta su.

7.0 Zamanin Ƙarfe da Lantarki

Ƙarshen ƙarni na 19 ya juya al'amarin gaba ɗaya. Ruwan da Terni ta yi shekara 2,000 tana gudu, sai ya zama shi ne arzikinta. Ruwa mai yawa da ke faɗowa daga tsawon mita 165 ƙarfi ne da ke iya juya injuna. A 1875 aka aza harsashin masana'antar makamai a garin, a 1884 kuma aka kafa babbar masana'antar narka ƙarfe. A 1929 aka buɗe tashar lantarki ta Galleto a gindin dutsen, wadda bayan faɗaɗa ta ƙarfinta ya kai kimanin megawat 530. Ana tare ruwan Velino kafin ya kai gaɓa, a tura shi cikin manyan bututai zuwa injunan tashar, tafkin Piediluco kuma ya zama rumbun ajiyar ruwa.

Domin a tsare yawan ruwan rani da damina, aka gina manyan madatsai biyu a kan kogunan Turano da Salto, masu ciyar da Velino, aka kammala su a 1939 da 1940. Waɗannan madatsai sun rage ambaliyar filin Rieti ƙwarai, sun yi abin da magudanan Paparoma suka kasa. Sai dai a nan ma akwai waɗanda suka biya kuɗin gyaran. Tafkin Salto ya haɗiye ƙauyuka, daga cikinsu akwai Borgo San Pietro, aka tashi mutanensu aka sake musu gini a kan tudu. Ita ma Terni ta biya nata, domin masana'antunta sun jawo mata ruwan bama-bamai a 1943 da 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

8.0 Abin da Maziyarci Zai Tarar

Tun da lantarki ya karɓe ruwan, mafaɗar ba ta cika sai a wasu sa'o'i da aka ƙayyade, waɗanda suka fi yawa a lokacin bazara da ranakun hutu. Wanda ya zo ba a kan lokaci ba zai tarar da ɗan siririn ruwa yana bin jikin dutse mai gansakuka. Idan lokaci ya yi sai a busa jiniya domin gargaɗin waɗanda ke kusa da hanyar ruwa, sa'an nan a ɗaga ƙofofi. Cikin 'yan mintoci tsiyaya ta zama kwarara, kwarara ta zama rugugi, feshi ya turnuƙe kwarin, in rana ta daidaita bakan gizo ya fito. Da sa'o'in suka cika sai a mayar da ƙofofi, ruwa ya koma bakin aikinsa.

Wuraren kallo biyu ne manya, ɗaya a ƙasa kan hanyar da ta fito daga Terni, ɗaya a sama kusa da ƙauyen Marmore, inda hasumiyar 1781 take. Akwai hanyoyin ƙafa masu matakala da suka haɗa su, ɗaya daga ciki tana bi ta wani rami da aka huda cikin dutse zuwa wani ɗan dandali dab da ruwan, inda mutum kan jiƙe sharkaf. Amma mai neman tarihi ya kamata ya hau sama ya ba mafaɗar baya, ya dubi miƙaƙƙiyar magudanar da ke kawo ruwan. Miƙewarta kaɗai ta isa shaida, domin kogi ba ya tafiya haka sai an sa shi.

9.0 Kammalawa

Mun ga yadda ruwan Velino, saboda allin da yake ɗauke da shi, yake toshe hanyarsa da kansa, da yadda aka buɗe masa ƙofa a 271 K.M., aka sake a 1422 da 1545 da 1601, aka gyara gindinta a 1787, aka kuma sa mata makulli a ƙarni na 20. A kowane mataki an biya buƙatar wasu: manoman Rieti sun sami ƙasa, mutanen Terni sun sami gada mai iyakance ruwa, ƙauyukan da ke saman Nera sun sami yankan Vici, masana'antu sun sami wuta. A kowane mataki kuma wahalar ta yi ƙaura zuwa ƙofar wani, sau da yawa wanda ba a gayyace shi wurin shawara ba. Jadawalin sa'o'in da ake liƙawa a ƙofar shiga shi ne sulhu na baya-bayan nan, tsakanin mai buƙatar wuta da mai buƙatar kallo. Shi kuwa alli bai san da sulhu ba. Yana nan yana taruwa a jikin dutse kamar yadda Pliny ya gan shi.